Tamanrasat: Kafin ka zuba jarinka a mota mai zafi ta hannu

Duk wanda ya zauna a bakin babban titin Tamanrasat da la'asar sakaliya ba zai rasa ganinsu ba: Golf, Leon, Ibiza, an wanke su tas, tayoyinsu sirara kamar an shafa roba a jikin ƙarfe, samarin gari na taka su suna wucewa. Ɗan kasuwarmu da ya zo daga Agadas ko Tawa ko Maraɗi, ya shekara goma yana jigilar dabino da barguna, ya samu takardar zama, ya kawo iyali ya ajiye a Gat el-Wad ko Tahaggart, in ya ga haka dole ransa ya biya. Yana son motar da za ta kai yara makaranta, ta kai uwargida asibiti, kuma in ya hau kwaltar In Gezam kada kowace akori-kura ta bar shi a baya. Sai dai kuɗin da ke hannunsa ƙididdigagge ne, kuma daga cikin jari zai yanke shi.

Wannan tambaya ta sha zuwa mana a gidan rediyo daga masu saurare, musamman 'yan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Tam da Arlit. Shi ya sa da muka samu zuwa garin muka zauna da dillalai da kanikawa, muka leƙa ƙarƙashin motoci da dama. Abin da muka taho da shi shi ne, a wannan gari gudun mota shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai ƙaramin aljihu ya tambaya. Takarda ce farko, sai tsawon ƙafar motar daga ƙasa, sai kuma wanda zai gyara ta.

Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta da zamanin da mota ke zuwa da ƙafarta ta wannan hanya ba. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar Fijo 404 ko 504 a Faransa ko Jamus, su ƙetaro teku, su keto sahara ta Tamanrasat, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma gida da riba. Tawayen arewacin Nijar da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 suka kashe wannan fatauci, kasuwar ta koma Kwatano da Lome. Mai wannan tunani a ka, wanda ke zaton har yanzu mota araha ce a Aljeriya kamar yadda mai yake araha, zai sha mamaki.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 2005 gwamnatin Aljeriya ta hana shigo da motocin hannu. A lokacin ba a ji zafin abin ba, domin sababbi na kwararowa. A 2012 kaɗai an shigo da fiye da rabin miliyan. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, sai aka ƙayyade shigo da sababbin daga 2016, aka dogara da masana'antun harhaɗawa na cikin gida: Renault kusa da Oran tun 2014, Hyundai a Tiyaret, Kia a Batna, da Volkswagen a Relizan daga 2017. Tsakanin 2019 da 2020 kusan dukkansu suka tsaya. Aka yi shekaru ba sabuwa a kanti, ba ta hannu daga waje, har ta kai mutum ya hau mota shekara biyar ya sayar da ita sama da yadda ya saya. A watan Fabrairun 2023 aka fitar da dokar da ta ba mazaunin ƙasar damar shigo da motar da ba ta kai shekara uku ba, sau ɗaya cikin shekara uku, mai fetur ko lantarki ko mai haɗa biyun, ban da mai dizal. A watan Disamba na wannan shekara kuma Fiat ta buɗe masana'anta a Tafrawi. Duk da haka motar hannu ba ta koma farashinta na da ba.

A nan akwai tarkon farko. Dokar kasafin kuɗi ta 2025 ta ce motar da aka shigo da ita ta wannan ƙofa ba a sayar da ita sai ta cika wata 36 da fita daga duwan, in ba haka ba sai an mayar wa gwamnati rangwamen harajin da ta yi: dukkansa a shekarar farko, kashi 66 cikin ɗari a ta biyu, kashi 33 a ta uku. Saboda haka idan dillali ya nuna maka mota fes, 'yar shekara uku ko huɗu, a farashin da ya yi daɗi fiye da kima, tambayi ranar da ta fita daga duwan da kuma wanda zai biya wannan bashi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Tarko na biyu lissafi ne. Mutumin Aljeriya ba ya ciniki da dinari a baki, da santim yake yi. In ya ce maka miliyan ɗaya, dinari 10,000 yake nufi. Motar da aka yi wa kuɗi miliyan 200, dinari miliyan biyu ke nan. Wanda ya saba da jaka da naira sai ya riƙe alƙalami, ya sa a rubuta masa adadin da dinari a takarda kafin ya ce ya saya, sannan ya juya shi zuwa sefa da canjin ranar, ba na makon jiya ba.

Sai babban al'amari, wato takardar mallaka, wadda ake kira kart giriz. Ba a rubuta ta da sunan mutum sai yana da shaidar zama, baƙo kuma sai da katin zamansa. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su da shi, don haka suke bin ɗaya daga hanyoyi biyu: ko su saya da sunan wani aboki ɗan ƙasa, ko su karɓi motar da takardar wakala. Duka biyun rataya ce a wuyan wani. A idon hukuma motar ta wanda sunansa ke kan kart giriz ce. Ranar da ya rasu wakala ta mutu tare da shi, motar ta shiga cikin gado, sai abin da magada suka ga dama. In bashi ya hau kansa, ana iya kama ta a hannunka. Mun san ana cewa amana ce, kuma akwai mutanen kirki da suka riƙe ta shekara da shekaru, to amma amana ba ta hana ajali. Wanda bai da katin zama, a ganinmu, gara ya sayi motarsa a Agadas ko Maraɗi ya yi mata takardun Nijar, ya shigo da ita a matsayin baƙuwa.

Haka nan wanda ke tunanin saye a Tam ya gangara da ita gida ya sayar. Mota ba ta cikin kayan musayar da aka yarda a yi fataucinsu a kan iyaka kamar dabino da gishiri. Mai lambar Aljeriya da takardar wucewa ta duwan take fita, ana kuma jiran ta dawo. Can ƙasa kuma, daga ranar 1 ga Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, abin da 'yan Jibiya da Illela da Maigatari suka fi kowa sanin zafinsa. Kafin ka lissafa riba, ka je ofishin kwastan da ƙafarka ka ji abin da ake ciki.

Lambar motar kanta tana magana, ga wanda ya iya karatunta. Kashi uku ce. Lambobi biyun ƙarshe na jihar da aka yi rajista ne: 11 Tamanrasat, 16 Aljiyas, 31 Oran, 53 In Salah, 54 In Gezam. Ukun tsakiya kuwa, ta farko nau'in mota ce (1 ƙaramar motar shiga, 3 ƙaramar motar kaya), biyun da ke biye shekarar da ta fara hawa titi. Ke nan 115 na nufin motar shiga ta 2015, ko da dillali ya rantse ta 2018 ce. Amma kada 11 ta ruɗe ka, domin lamba na canzawa idan mota ta canza jiha. Mai yiwuwa ta yi shekara takwas a bakin teku, gishirin iska ya gama cin ƙarƙashinta, kafin a kawo ta kudu. Yawancin motocin nan ma daga kasuwannin arewa irin su Tijelabin ake gangaro da su, tafiyar kusan kilomita 2,000.

To yanzu ga motar da kanta. Abin da ke sa mota ta zama mai zafi shi ne abin da ke sa ta wahala a wannan ƙasa. Golf ta yau da kullum tazarar cikinta da ƙasa kamar santimita 14 ce, irin ta tsere kuwa, GTD, an ƙara sauke ta da santimita ɗaya da rabi. Duster ta kai 20. Wannan ɗan bambanci na faɗin tafin hannu ba komai ba ne a babban titin Aljiyas zuwa Oran. A Tam kuwa, inda kwalta ke ƙarewa a bakin unguwa, inda ruwan Agusta ke saukowa daga duwatsun Hoggar ya cika kori da tsakuwa, shi ne tsakanin isa gida da kwana a hanya. Wanda kuma zai riƙa gangarawa Arlit da Agadas ya san irin kukan da direbobi suka shekara suna yi da hanyar yuraniyom.

Mun ga wannan a cikin gida. Wani ƙanenmu mai sayar da atamfa da turare a kasuwar Asihar ya tara kuɗin shekara uku ya sayi irin wannan mota mai kwanciya a ƙasa. Wata biyu yana jin daɗinta. Ran nan ya ɗauko iyali daga biki a wajen gari, yana tsallaka kori dutse ya fasa kaskon baƙin mai, bai lura da jar fitila ba sai da injin ya kama. Motar ta fi wata a garaji ana jiran kaya daga arewa, kuɗin gyaran kuma daga kuɗin sarin atamfa ya fito. Lokacin baje-koli ya zo shagonsa rabi fanko. Ya ce mana ba asarar injin ce ta fi yi masa ciwo ba, ganin abokan cinikinsa na shiga shagon maƙwabci ne.

Taya ma haka. Mai inci 17 ko 18, sirara, kyanta a ido ne. Rami ɗaya ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa ƙarfen, kuma ba kowane mai faci ne ke da irinta tsakanin Tam da In Gezam ba, tafiyar kilomita 400. Mai inci 15 ko 16 ta fi nama, ta fi arha, ta fi samuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida a wannan rana ta sahara, ko zanenta bai goge ba, ka sa kuɗin sabuwa a cikin lissafi.

Don adalci, akwai inda mai zafin ta fi. Tamanrasat na kan tudu, kusan mita 1,400 sama da teku, iska ba ta da kauri. Injin da ba shi da turbo kan rasa kamar kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100, wato a Tam ya yi asarar fiye da kashi goma. Symbol mai doki tamanin da 'yan kai, in ka cika ta da mutum biyar da kaya ka kunna na'urar sanyi, za ka ji tana nishi a hawa. Mai turbo ba ta damu da wannan ba sosai. Kuma ƙarfin inji ba alfahari kaɗai ba ne, yana da amfani wajen wuce babbar mota a hanya mai layi ɗaya. Sai dai turbo na son baƙin mai mai kyau a kan lokaci da matatar iska mai tsabta, ƙura kuwa ita ce abincin yau da kullum a nan.

Mutane kan ɗauka shan mai ne zai kashe su. A Aljeriya ba haka ba ne. Daga 2021 zuwa 2025 litar fetur a gidajen man Naftal ba ta kai dinari 46 ba, dizal, wanda suke kira mazut, yana wajen 29, gas ɗin mota na Sirghaz kuma dinari 9. Mu ma ɗauka fetur dinari 50 ne. Zuwa In Gezam da dawowa kilomita 800 ne. Mota mai shan lita 7 a kilomita ɗari za ta ci dinari 2,800, mai shan lita 10 ta ci 4,000. Bambancin bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne kayan gyara da kwanakin jira, domin kayan daga arewa suke tahowa, daga garuruwa irin su Ain Mlila, kuma na bogi sun yi yawa. Game da Sirghaz, yana da arha ƙwarai a cikin ƙasar, amma tukunyarsa kan cinye wurin safaya ko rabin but, kuma da ka tsallaka Asamaka ka koma kan fetur.

Akwai abubuwa biyu da kanikawa suka yi ta ja mana kunne a kansu, kuma duniya ma ta san da su. Na farko giya mai canza kanta ta DSG mai hawa bakwai da busasshen kuloci, wadda ke cikin wasu Golf da Leon da Octavia masu ƙaramin inji. Daɗin tuƙi gare ta, amma ba ta son zafi da jan ciki a rairayi, kuma a 2013 kamfanin da kansa ya kira motoci masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban don gyara ta. Na biyu injin fetur na PureTech 1.2 da ke cikin Fijo 208 da 308 da 2008, wanda bel ɗinsa ke gudu a cikin baƙin mai. Idan ya fara ruɓewa yakan toshe hanyar mai, shi ma an kira motoci saboda shi a 2020. Ba mu ce kowace ɗaya matacciya ba ce. Amma mai kuɗi ƙididdigagge, a garin da ke nesa da manyan garejin kamfani, giyar hannu ce abokiyar tafiyarsa.

To wace za a saya? In mutum ya nace sai mai ƙarfi, kuma yawancin tafiyarsa a kan kwalta ce, mu dai Skoda Octavia mai giyar hannu da taya inci 16 muka fi natsuwa da ita. Injinta ɗaya da na Golf, samari ba su cika rububinta kamar Golf da Leon ba, kuma but ɗinta lita 590 ne a inda na Golf yake 380. Mai iyali ya san darajar wannan ranar tafiya. In hanyar gidanka ko ta kasuwarka burji ce, ka haƙura da gudu ka nemi Duster ko Sandero Stepway. Symbol da Logan masu injin 1.6 ba su da abin burgewa, amma but ɗinsu lita 510 ne, kuma yaron bakanike ma ya san cikinsu. Wanda iyalinsa suka wuce biyar ya dubi tsohuwar Logan MCV mai kujera bakwai, domin inshora adadin kujerun da ke kan takarda ta sani, ba adadin yaran da aka ɗora a cinya ba.

Ga mai aljihun da bai kai nan ba, akwai tsohuwar zuma, Fijo 406. Tana da kwanciya a hanya, tana da faɗi, kuma da yake an harhaɗa ta a Kaduna, kayanta na nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka da garejin Maraɗi, kanikawan ɓangarorin iyaka duka sun san ta. Aibinta shekaru. A 2004 aka daina ƙera ta a Faransa, wato ƙaramar cikin ƙirar Faransa ta haura ashirin. Roba da waya da lagireto duk sun gaji. Wanda ya saye ta ya sani rabin kuɗin ya biya, sauran rabin a hankali zai biya.

Shi ya sa muke ba da shawarar kada mutum ya kashe duk abin da ya ware a kan ciniki. Mai miliyan 200 ya nemi motar miliyan 170, ragowar na taya da batir da bel da baƙin mai da inshora da canjin suna. Kuma wannan miliyan 200 ɗin ya zama kuɗin da in sun tafi shago ba zai girgiza ba.

Ranar dubawa ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma da sassafe, kafin a tayar da injin. Inji mai sanyi ba ya ƙarya: hayaƙi shuɗi na nufin yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa na nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin mai, in ka ga kumfa kamar madara, ka yi sallama. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru da ramin safaya. Laka busasshiya ko tsatsa a wurin alamar ambaliya ce. Kowane mai sayarwa zai ce maka ba a taɓa yi mata fenti ba, sai ka bi jikinta da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai ciko. Lambar kilomita ana mayar da ita baya, amma ba a mayar da sitiyarin da ya sule da fedar da ta cinye. A sa mata kwamfuta, a ɗaga ta a ga cikinta, a gwada lambar shasi da ta kart giriz harafi bayan harafi, domin in aka ga an taɓa lambar, motar da kuɗinka duk sun shiga hannun hukuma.

Sannan a fita da ita bayan gari, da mutane a ciki, da na'urar sanyi a kunne, a ga ko allurar zafi za ta motsa. Tam na da sauƙin zafi saboda tudu. In Salah da In Gezam ne ke tona asirin lagireto. A gwada birki fiye da yadda ake gwada totur. Hanyar nan miƙaƙƙiya ce, tana ruɗin direba, ga raƙuma, ga rairayi da ke hawa kwalta, ga manyan motoci. Mutanen garin ba su manta da asubahin 19 ga Yulin 2023 ba, lokacin da motar fasinja ta yi karo da wata ƙaramar motar kaya a Utul, kusa da Tamanrasat, wuta ta tashi, mutum 34 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

In komai ya yi, kada kuɗi su fita daga hannunka a bakin titi. Ku tafi baladiyya tare da mutumin da sunansa ke kan kart giriz, shi da kansa da katin shaidarsa, a sa hannu a takardar sayarwa a buga mata hatimi a gabanka, ka karɓi takardar binciken lafiyar mota da makulli biyu. La'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara ciniki, a gaban shaidu, da dinari.